Ƙasar Gindin Tsamiya

Asabar, 14 ga Satumba

Ya kai kundi mai alfarma, ma'ajin hikimomin Shamsuddeen, fitilar Kurmin Kogi kuma ɗalibin aikin gona a Zariya: ka shaida yau na kawar da camfi. Tun zamanin kakanmu, sai an ɗebo ƙasa daga tsohon fegin gindin tsamiya an zuba a gadon renon tumatir. Na haramta. Baba ya ce, "To, Likitan Gona, bana renon naka ne."

Litinin, 7 ga Oktoba

Renon ya yi rawaya. Na tumɓuke uku, saiwoyinsu duk ƙulli-ƙulli. Tsutsar saiwa ce, wadda ido ba ya gani. Irin da ya rage mana bai wuce na gado ɗaya ba, kuma idan mako ya wuce ba a sake shukawa ba, mun rasa dashen bana.

Talata, 8 ga Oktoba

Baba ya dubi gadon, ya wuce gona abinsa. Da ma ya yi faɗa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kai ƙasa kashi biyu, ta gadona da ta gindin tsamiya, ɗakin gwajin makarantarmu, da niyyar wanke sunana. Malama Mukarrama, mai kula da na'urar ƙara girman ƙwayoyi, ta tace ta duba. Tsutsotsin gadona suna ta ninƙaya cikin ƙoshin lafiya. Na gindin tsamiya kuwa, jikinsu ya cika da wasu ɗigo-ɗigo. Ta ce ƙwayoyin cuta ne, suna manne wa tsutsa, su ci cikinta, su hana ta yin ƙwai, irinsu kuma ya daɗe a ƙasa yana jiran wata.

"Wane masani ne ya nuna maka fegin nan?"

Na ce wani dattijo ne, ya rasu. Ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan nazari mai zurfi, kimiyya ta yanke hukuncin amincewa da ƙasar. Ba tuba na yi ba, bincike ne. Na dai tsaya a kan fegin yau fiye da yadda bincike ke buƙata. Ban taɓa tambayar Baba yadda kakan yake ba.

Gobe Baba zai fita da hantsi, ina so ya dawo ya tarar an shuka.

Yaya Ja'afaru, na san kana karanta kundin nan a ɓoye. Don Allah ka ara mini baronka in ɗebo ƙasar, kuma kada ka yi dariya a gaban Inna.