Sunan Shagon Tela

Litinin, 3 ga Maris

'Yata Auta ta sake ɗauke min kujera daga bakin taga, wai nan waya ta fi kamawa. Gidana, tagata. Na koma kan tabarma.

Wai ita ma dillaliya ce. Ni da na tsufa a dillancin kekunan ɗinki da injinan niƙa, ban taɓa sayar da abin da ban taɓa da hannuna ba. Ita suna take sayar wa mutane. Suna! Ta ce shi ne abin da ake bugawa a waya a sami shafinka a intanet, kowanne mai shi ɗaya ne, kamar fili. Na ce to nuna min iyakar filin. Ta yi dariya. Don ban shiga aji ba ake min wannan dariyar, na sani. Rubutun nan ma a jikin kwalin kaya na koya, ba wanda ya riƙe min hannu.

Laraba, 5 ga Maris

Tela ya zo, abokina mai shagon kan kwana. Ashe ɗansa ya yi masa rajistar sunan shagon a intanet tun da daɗewa, yanzu wani kamfanin tufafi mai irin sunan yana so. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu, likita ya ce sai aiki, shi ya sa zai sayar.

A bakin ƙofa ya wuce ni ya nufi Auta. Ni da na samo masa kekensa na farko! Na ce, "Makaho, ba ka gan ni ba ne?" Ya ce, "Na ji warin tabarka, tsohon banza. Yau ba ƙarfe zan sayar ba."

Ina jin ta tana ce masa kada ya faɗa wa kowa dalilin sayarwa, kuma ba za ta saki sunan ba sai kuɗi sun zauna a hannun wani amintacce da ke tsakaninsu da mai saye. Ciniki ba musafaha, ba kallon ido. Allah ya kyauta.

Asabar, 8 ga Maris

Gwiwa. Ban fita ba. Ba wanda ya tambaya.

Talata, 11 ga Maris

Yau na yi aiki. Wakilin kamfanin ya zo unguwa da kansa yana neman shagon, ya same ni a kan benci. Mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. "Baba, an ce kai ne uban dillalan layin nan." An daɗe ban ji wannan ba.

Na yi masa yadda muke yi. Dillali a tsakiya yake tsayawa, ya faɗa wa mai saye halin mai kaya don zuciyarsa ta yi laushi. Na ce bawan Allahn nan idonsa ke tafiya, likita ya sa masa rana, ku dubi Allah ku ƙara masa. Sau nawa na yi haka a kasuwa aka ƙara! Ya girgiza kai ya ce Allah sarki.

Ban gaya wa Auta ba. Bari ta ga tayi ya tashi tukuna, mu ga mai dariya.

Laraba, 12 ga Maris

Sun janye tayinsu na farko. Sun aiko da wani, ƙasa sosai, wai ko a karɓa ko su fasa. Auta sai zagaye ɗaki take. "Wani ya gaya musu yana cikin matsi."

Na ƙara muryar rediyo. Na kashe. Na sake kunnawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na faɗa mata, don dai ta san ba ni da laifi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Baba, ni ba a tsakiya nake ba. Tela ne ya ɗauke ni, nasa nake karewa. Sirrinsa a gidan nan ya ajiye shi."

Na ce ai mutumin har Allah sarki ya ce. Ta ce, "Shi ya ce. Kamfani ba ya cewa."

Wai kuma za ta gaya wa Tela. Na ce ki ce masa kasuwa ce ta faɗi mana, wane dillali ne ke tona asirin gidansa? Ta ce in ta ɓoye masa, gobe da wane ido za ta karɓi amanar wani. 'Yar da na goya ke koya min dillanci!

Juma'a, 14 ga Maris

Ta je ta faɗa. Wai bai ce komai a kaina ba. Gara ya zage ni.

Lahadi, 16 ga Maris

Na bi ta shagon Tela, hanya ce ta biyo da ni. Na same shi yana ta lalubar kafar allura da zare. Bai ɗago ba.

"Dillali, wa ya aike ka?"

Na ce taimako na yi. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na rasa inda zan ajiye fushin."

Na karɓi allurar na zura masa. Ni ma da ƙyar.

Alhamis, 27 ga Maris

Auta ta nemi wasu masu saye, ba wanda ya taya, likita kuma ya ce jira ɓarna ne. Ta ja da kamfanin har suka ɗan ƙara. An sayar. Ta ƙi karɓar la'adarta, duk da haka aikin ido ɗaya kawai kuɗin suka isa. Da tayin farko, da duka biyun ne.

Na dama za a yi.

Talata, 8 ga Afrilu

An cire wa Tela bandeji. Ya ƙura min ido ya ce ashe haka na tsufa na yi muni, da ya sani da bai biya ba.

Da safe mai kanti ya tare ni yana son jin yadda aka ƙare cinikin. Na ce ban sani ba, in suna gare shi na sayarwa ya shiga ya ga dillaliya. Haka bakin ya faɗa, ban shirya ba. Kujerar ma na bar mata, iskar taga ba ta yi wa gwiwata daɗi.

Daga asibiti a ƙafa muka dawo, ni da Tela. Gobe ma zai koma. Ina tafiya ta gefensa na hagu, wajen motoci. Ba don komai ba, can ya fi inuwa.