Samirar da Za Ta Je Romi

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Umma, ina rubuto miki wannan takarda ne daga madafinki na Kakuri, a kan kujerar nan 'yar tsugunno da kike hana kowa zama. Yau azumi ashirin da tara, an idar da la'asar. In an ga wata, gobe Sallah, ta farko da za mu yi ba ke. Ba zan ɓoye miki ba, hankalina a tashe yake.

Maganar Mama Rahila ce. Har yau ba ta san kin rasu ba.

Satin da kika bar mu tana kwance a asibiti, hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ce a kiyaye mata duk abin da zai girgiza ta. 'Yarta Hannatu ta zo gaisuwa ranar uku, ta ja ni bayan ɗaki, ta riƙe hannuna tana kuka, ta roƙe ni kada mu faɗa wa uwarta sai ta ji ƙarfi. Na amsa mata, don a ranar ko me aka ce min amsawa nake. Yau wata biyar ke nan. An mayar da ita gida Romi, idon ya dushe, kunnen ma sai an ɗaga murya. In ta tambaye ki, sai a ce mata gwiwa ce ta hana ki fita. Tana cewa a gaishe ki.

To ga Sallah ta zo, kin kuwa san abin da take jira.

Tun ban san kaina ba nake jin labarin. Kuna 'yan mata kuka haɗu a gidan wani Ba'indiye manajan masaƙa, ke a girki, ita a raino da guga. A wurin matar gidan, wadda har kika koma ga Allah Madam kike ce mata, kika koyi gulab jamun, ƙwallayen madara da ake soyawa a tsoma cikin ruwan suga har su sha su yi laushi. Masaƙa ta rufe, Indiyawan suka kwashe kayansu, garin ma ya zo ya rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Su Mama Rahila suka tashi daga layinmu suka koma Romi. Amma ba a taɓa yin Sallar da samirarki mai jan fure ba ta je mata cike da gulab jamun ba, ba a kuma taɓa Kirsimetin da ba ta dawo da cincin da soyayyen zakara ba.

Ina tuna yadda kike ɓata rai in maƙwabta suka ce ai wannan gullisuwa ce. Sai ki ce, "Gullisuwa da haƙori ake ci, wannan kuwa ko tsohuwa marar haƙori ta gode Allah." Ashe har da ƙawarki kike yi wa tanadi.

Ni ce mai kai samirar tun da gwiwarki ta fara ciwo, don haka na san yadda abin yake tafiya. Ba ta bari a ɗauko cokali. Da yatsa biyu take ɗaukar guda, ta sa a baki, ta rufe ido. Sannan ta ce, "Hannun Asabe bai tsufa ba." Kowace shekara haka take faɗa, kalma ba ta canzawa.

Kin ga inda na tsaya. In samira ba ta je ba, za ta gane. In ta je da ɗanɗanon da ba naki ba, za ta gane. Hannatu ta kira ni sau uku a satin nan, tana cewa in yi ƙoƙari, wai Mama tun shigowar azumi take tambayar saura kwana nawa.

Ni kuwa, Umma, ke shaida ce ban iya ba. Duk shekarun da kike yi, ina ɗaki da littafi ina fakewa da jarrabawa. In kin kira ni in zo in gani, sai in ce ina zuwa. Kika gaji kika daina kira. Na zaci kullum kina nan, na zaci in na so koya wuni ɗaya ya ishe ni. Yanzu ga ni, malamar makaranta mai 'ya'ya uku, ina tsaye gaban kasko ina zufa kamar wadda aka kama da amsa a tafin hannu.

Ranar Litinin na yi na farko a gidana, can Unguwar Sanusi. Na kwaɓa madarar gari da 'yar fulawa, na mulmula, na ɗora mai na bar shi ya yi zafi sosai, yadda duk 'yar Hausa ta san ana yi wa ƙosai. Ina zubawa suka yi baƙi ƙirin kafin in juya su. Da na fasa ɗaya, cikin ɗanye shakaf. Sai a lokacin na tuna ba ki taɓa soya su a wuta mai ci ba. Kwashe itacen kike yi, ki bar garwashi kaɗan, ki zauna kina kaɗa man a hankali da matsami har unguwa ta gama girkinta ke ba ki gama ba. Mu kan ce Umma ta cika nawa.

Ranar Talata na rage wuta, amma na murza kwaɓin da ƙarfina duka kamar na cincin. Suka fito jajur, gwanin kyau, suka kwana cikin ruwan suga ba su sha ko ɗigo ba. Maigidana, Abban su Amira, ya ɗauki guda da sahur, ya gwada da haƙori, ya ajiye, ya ce in adana su ko ɓarawo zai shigo. Na yi dariya a gabansa, na shiga banɗaki na yi kuka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne azumi. Da rana nake aikin, bakina a rufe, ba na sanin abin da na yi sai an sha ruwa. Kuskure ɗaya, wuni ɗaya ya tafi. Ke kuwa duk shekara cikin azumin kike yi, ban taɓa ganin kin kai ko yatsa bakinki ba. Ki ɗiga ruwan sugan tsakanin yatsu biyu, ki buɗe su, ki duba zaren da ya yi, ki shanshana tururin, shi ke nan kin sauke.

Ranar Laraba na ce bari in bi masu abin. Na nemo wata Ba'indiya a waya tana koyarwa, na kalle ta ya fi sau goma. Na shiga cikin gari, na sayo man gwangwaninsu da 'ya'yan ƙamshin nan da suke kira kadamon da ruwan wardi a kantin da suke sayayya. Na auna komai da cokali, ban ƙara ban rage ba. Umma, sun yi kyau. Sun kumbura, sun yi laushi, suna iyo a ruwan suga kamar na cikin hoton. Da aka kira magariba ko dabino ban taɓa ba, su na fara kaiwa baki. Akwai daɗi, ba ƙarya. Amma ba naki ba ne, ko kusa. Ƙamshin turare yake yi. Naki kuwa wani ƙamshi yake da shi mai nauyi, mai ɗan yaji a maƙogwaro, wanda na kasa sanin daga ina yake fitowa. Na zauna da kwano a cinya ina tunanin ke nan Madam ta koya miki wani abu da Indiyawan yanzu suka manta, kin kuma tafi da shi.

Shi ya sa yau da sassafe na taho nan. Na ce ko tukunyarki ce, ko murhunki. Na buɗe madafin da ba a buɗe ba tun sadakar arba'in, na share, na bincike kowane gwangwani. Ban ga komai ba sai daddawa da ta bushe da wani ƙullin kanumfari a tsumma, ɗaure a marfin samirar. Ban ma kula da shi ba, na zaci don ƙwari kika sa.

Wajen hantsi sai na ji sallama. Inna Jumma ce, Bafulatanar nan mai kawo miki nono, da ƙwaryarta a ka. Ta ce sun yi nisa da shanu tun kaka, jiya suka dawo, ta ce bari ta yi sauri ta kawo wa Hajiya man Sallarta kada ta yi faɗa. Ta sauke ƙwarya, ta buɗe wani ɗan kwano, ga man shanu fari sol. Ta ce ɗanye ne yadda kike so, ba ta soya da albasa ba, tunda kin ce ke da kanumfari kike soya naki na alawar Indiya.

Na tsaya ina kallon man nan. Ashe babu wani sirrin Madam. Da Indiyawan suka tafi da mansu da kayan ƙamshinsu, abin da ke kusa da ke kika ɗauka, man shanun Fulani da kanumfarin kasuwar Kakuri. Shekara da shekaru muna cin abin muna yi wa 'yan unguwa yanga wai mu na Indiya muke ci.

Sai ta leƙa ɗakinki ta ce ina Hajiyar.

Umma, na faɗa mata. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta yi kukanta ta share ido, ba ta yi min ta'aziyya da farko ba, faɗa ta yi min. Ta ce wata biyar tana ambatonki cikin masu rai, tana cewa Allah ya ƙara miki lafiya, alhali gafara ya kamata ta roƙa miki. Ta ce an cuce ta da ba a aika mata ba. Ta ƙi karɓar komai a kan man, ta ce sadaka ce ta kai miki. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ba ta ko shiga maƙwabta ba.

Tun da ta fita maganar ke cina. Ita da take zuwa da ƙwarya ta tafi ta ce an cuce ta, ina ga Mama Rahila? Matar da ta riƙe ki ranar da kika haife ni, da ta ɓoye mu a ɗakinta kwana biyu lokacin da gari ya rikice. Kullum da safe in ta yi addu'arta tana sa sunanki, Hannatu ta faɗa min, tana roƙa wa gwiwarki sauƙi.

Duk da haka na yi aikin. Na narka man a garwashi, na jefa kanumfari bakwai daga ƙullinki, na tace. Na zuba kaɗan a kwaɓin, na haɗa shi da yatsu kawai ban murza ba. Sauran na haɗa da man gyaɗa na soya a ciki, a hankali, har bayana ya ƙage. Na jefa kanumfari uku a ruwan suga. Da tururin ya taso sai da na waiwaya, don wallahi na zaci kina bayana.

Yanzu suna cikin samira suna sha. Na ware guda ɗaya a ɗan faranti, ga shi nan a gabana, ina jiran ladan. Kwana huɗu ina tsoron kada su ƙi yin daidai. Yanzu kuma tsoro nake kada su yi. In sun yi, gobe zan durƙusa gaban tsohuwar nan, ta ɗauka da yatsa biyu, ta rufe ido, ta ce hannun Asabe bai tsufa ba, ni kuma in ce mata kina gaishe ta. Da girkinki zan yi mata ƙarya. In kuma na faɗa mata gaskiya jininta ya hau, wani abu ya same ta a gabana, da wane ido zan kalli Hannatu? Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau biyar. Da kina nan da tuni kin ce, "Safiya, tashi ki yi abin da ya kamata, ki bar jujjuya magana." Amma ba ki nan, kuma ban san wanne ne ya kamata ba.

An kira sallah, Umma. Dakata.

Na sha ruwa, na ci. Naki ne. Har ɗan yajin nan na maƙogwaro yana nan. Ko ke kika ci ba za ki ce ba ke kika yi ba.

Ke nan samira ba za ta faɗa mata komai ba, sai dai bakina. Na kira Hannatu yanzu. Na ce mata zan kawo, zan kuma faɗa wa Mama gaskiya, amma ta nemo fastonsu ya zo ya zauna kusa, ta ba Mama maganinta tun da wuri. Ta ce ita ma ta gaji da cewa gwiwa. Zan bari Mama ta ci tukuna, ta ci ko uku ne, ta ji daɗinta. In ta ce hannun Asabe bai tsufa ba, zan kama hannunta mai lafiyar in ce, Mama, hannuna ne.

Ina jin tsoro ƙwarai. Allah ya ba zuciyarta ƙarfin ɗauka, ya ba bakina ikon faɗa. Ke kuma Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sa duk bakin da kika taɓa sa wa zaƙi ya zame miki shaida ranar gobe ƙiyama. Ki yafe min kiran da kika yi ta yi ina cewa ina zuwa. Ga shi na zo.

'Yarki mai kewarki,
Safiya.