Gawar da Ta Motsa Yatsa

Ejigbo,
Lahadi, saura sati uku Babbar Sallah.

Zuwa ga yayana, Boda Tiamiyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda Iya ta koya mana, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargidanka Iya Kafaya da yara baki ɗaya. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya kuma ciwon bayan nan da ka ce yana tasowa in ka daɗe a tsaye a shago? Allah Ya yaye maka shi, Ya buɗa kasuwa, Ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Iya ta yi sauƙi, har masallaci take takawa ba sanda. Maigidana Baba Sodiki ya gama haƙar rogo, kuma bana ya yi kyau. Aceken da ka aiko, wato dambun rogon nan na Abijan, ya iso, Iya ta ɗanɗana ta ce na bara ya fi shi daɗi, amma dai ita ta cinye fiye da rabi.

Na san za ka ce me ya hana Wosila kiran waya. Yaya, ai na san hali. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka ce ka ji, ka ji, akwai mai ciniki a gabanka, ka katse. Takarda kuwa ba ta da wurin katsewa, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban motar Abijan ta ranar Talata ya damƙa maka hannu da hannu. Saƙonka ya iso mana, cewa bayan Sallah ƙanenmu Najimu ya tattara komatsansa ya biyo mota ya zo ya kama tsaron shagonka a kasuwar Ajame, ya bar wannan shirmen fim, in kuwa ya ƙi ka cire hannunka daga kansa. Da aka gaya masa bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bai isa ya ƙetare maganarka ba, tunda kai ne uba yanzu. Amma ni na ga idonsa, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. Shekara huɗu ke nan yana hannun maigidansa Oga Alimi yana koyo, saura wata biyu a yaye shi, kuma ka san Oga ba ya yaye yaro sai uba ko mai tsayawa a madadin uba ya zo ya dafa kansa ya sa albarka a gaban jama'a.

Abin da 'yan mota suka kawo maka gaskiya ne, amma rabi suka kawo. An ce maka Iya ta ga gawar ɗanta a talabijin ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Haka aka yi, kuma in akwai mai laifi ni ce, ba Najimu ba. Bari in ba ka labarin daga tushe, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Tun da ka aiko da babban talabijin ɗin nan, zauren Iya ya koma gidan kallo. Da an idar da la'asar, in akwai wuta, za ka ga ƙawayenta sun hallara, su Iya Ibeji mai kifi, kowa da kujerarta da bakinta. A watan nan kaɗai mun kalli fina-finai sun kai shida. Akwai na wani sarki da ya ƙwace gonar marayu, wanda ya fito a sarkin yana da murya, in ya daka tsawa har kajin Iya sai sun watse, amma labarin zamanin kakanni ne ga shi da agogo a hannu yana ƙyalli. Akwai na wata yarinya da aka yi wa ƙazafin sata, ita kuwa ihu kawai ta iya, tun daga farko har ƙarshe ban ga ɗigon hawaye ɗaya ba. Bokan cikinsa ma ya ishe ni, in ya fara surkullensa sai ka jiƙa gari ka sha ka wanke kwano bai kai rabi ba. Wadda dai ba ta da na biyu ita ce Sabitiyu mai fitowa a mayya. Ba ta ɗaga murya, murmushi kawai take yi ta karkata kai, sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Duk sanda ta bayyana sai Iya ta yi tofi a gefen hagu, Iya Ibeji kuwa ta rantse ko da kuɗi a hannu matar nan ta zo rumfarta ba za ta sayar mata da kifi ba.

Shi Najimu a duk waɗannan dogari yake fitowa, ya tsaya bayan sarki da sanda, ko ya ruga a guje cikin taro, kafin ka ce ga shi nan ya wuce. To ran nan ina kasuwa sai na hangi fuskarsa a jikin kwalin wani sabon faifai, ƙarama dai a can gefe, amma fuskarsa ce. Murna ta ɗebe ni, na saya, na zo na saka wa tsofaffi ba tare da na fara kallo ni kaɗai ba. Ashe ɗan maharbi ya fito, wanda maciji ya sara. Ba a yi nisa ba sai ga Najimu an shimfiɗe shi a tabarma, an naɗe shi da farin ƙyalle, auduga a hanci, fuska a buɗe. Kai ka san uwa ba ta ganin gawar abin da ta haifa, ko kabarinsa ba a nuna mata. Iya ta miƙe, ta kwance mayafinta ta lulluɓe talabijin, ta shige ɗaki. Iya Ibeji ta dube ni ta ce kai Wosila, girman jiki kawai na yi, hankalin yana baya bai iso ba. Gaskiya kuwa ta faɗa.

Kwana uku Iya ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Ta ce idonta ya ga abin da ba a gani, kuma abin da ido ya riga ya gani yana kiran ɗan'uwansa. Najimu ya baro wurin aikinsu a Iwo ya zo ya kwanta rub da ciki a ƙofar ɗakinta tun hantsi har azahar, ta juya fuska bango ta ƙi kallonsa. Liman ya zo ya yi mata nasiha cewa wasa ne, rai a hannun Allah yake, ta ce ta ji, amma ba ta ci ba. Wallahi na tsorata, na yi kuka har na gode Allah. A daidai nan labarin ya hau mota ya zo maka, kuma ban ga laifinka ba da ka fusata.

Ga abin da ba su kawo maka ba. Rana ta huɗu da safe Iya ta fito da kanta ta ce in cire mayafin in sake saka mata wurin gawar nan, akwai abin da ke damunta. Na yi ta roƙo, ta ce in ba zan saka ba ta kira maƙwabta. Ka tuna shekara talatin Iya ta yi tana wankan gawar mata a unguwarmu kafin gwiwa ta hana ta. Ta jawo kujera har gaban talabijin, ta sa tabarau, ta ce in tsayar, in mayar baya, in sake tsayarwa. Can sai na ji ta ja dogon tsaki. Ta ce in duba babban yatsan ƙafarsa, ƙuda ya sauka a kai, yaron ya motsa shi. Ta ce in duba cikinsa yana hawa yana sauka. Ta ce wane mara kunya ne ya ɗaure likkafanin nan, wannan gawa ce ko ƙullin alale? Sai ta juyo ta ce ita fa ba ta ga gawar ɗanta ba, wani ƙaton banza ta gani yana barci a cikin zanin gado, a ɗora mata ruwan amala yunwa take ji. Na yi dariya ina hawaye. Rashin iya wasan Najimu shi ya cece mu, Yaya.

Da ta ƙoshi ta sa aka kira shi. Ya zo yana jiran a ce ya bar sana'ar. Sai ta ce masa ya ba ta kunya a gaban ƙawayenta, ɗan mai wankan gawa guda bai iya mutuwa ba. Ta ce shekara huɗu me Oga yake koya masa, cin shinkafar wurin aiki? Ta ce mai mutuwa ba ya wannan birgima da zare ido da suke yi, mutuwa a hankali take zuwa, kuma mutum yakan tafi ne hankalinsa na kan ƙaramin abu. Daga nan ta shiga ba shi labarin ranar da Baba ya cika, abin da ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa wa kowa ba, don lokacin Najimu yana makaranta, kai kuma kana hanya. Ni ina wurin ranar, na san ba ta rage komai ba.

Ka san su 'yan fim ba a rubuta musu magana, Oga yakan faɗa wa mutum abin da zai faru ne kawai, sauran ya fito daga cikinsa. A sabon fim ɗin da suka gama, wanda zai fito bayan Sallah, an ba Najimu ya fito a makaɗin kalangu da ciwo ya kwantar. Da aka zo wurin rasuwar, Oga ya ce masa ya yi yadda ya ga ya dace. Najimu ya kawo mini wurin a wayarsa na kalla. Bai yi ihu ba, bai zare ido ba. Yana kwance yana ta gyara bakin mayafinsa da yatsu biyu, yana lallashinsa kamar mai goge ƙura, sai ya tambaya a hankali ko an shigo da awaki, hadari ya taso. Aka ce an shigo da su. Ya ce to madalla. Shi ke nan, hannun ya tsaya. Yaya, Baba ne. Haka ya yi, haka ya ce, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Na ajiye wayar na fita bayan gida na yi kukan da ban samu yi ba shekara bakwai da suka wuce, don lokacin ina fama da baƙi da tukwane. An ce da aka gama ɗauka mai riƙe da na'urar ɗaukar hoton sai da ya share ido, Sabitiyu kuwa, mayyar da Iya ke yi wa tofi, ta cire ɗankwalinta ta ɗaura wa Najimu a wuya ta ce yau ya zama ɗan wasa. Ashe Alhaja ce mai carbi, har gida ta zo gaida Iya, suka ci goro tare. Iya Ibeji dai har yanzu ba ta yarda da ita ba.

Ban ce maka sana'ar nan tana da tabbas kamar shago ba, kuma na san tsoron da kake ji na uba ne, kai ka ɗauke mu tun da Baba ya kwanta dama, ba mu manta ba. Amma gani ya kori ji. Abin da nake roƙo, gwiwa biyu a ƙasa, ka dakatar da hukuncinka, ka zo mu yi Sallah tare, ka zauna ka kalli wurin nan da idonka. Na san abin da ke ci maka rai tun ranar da ka sauka daga mota ka tarar an riga an dawo daga maƙabarta, ko da ba ka taɓa faɗa ba. Abin da hanya ta hana ka gani, ƙanenka ya adana maka shi. In ka kalla ka ce ya biyo ka, wallahi ni da hannuna zan ɗaure masa kaya. In kuwa zuciyarka ta gaya maka abin da tawa ta gaya mini, sai ka tsaya ranar yaye ka dafa kansa.

Ka gaida Iya Kafaya da kyau, ka ce mata atamfar ta yi mini daidai. Ka gaida Kafaya da Rilwanu da auta Basira, da Boda Lasisi na unguwar Tireshibil da iyalinsa. Baba Sodiki yana gaishe ka, Najimu ma ya ce in ce yana kwance a ƙasa yana gaisuwa.

Na tambayi Iya ko za ta kalli sabon fim ɗin. Ta ce Allah Ya kiyaye, yanzu yaron ya iya, in an zo wurin za ta fita ta duba awakinta. Da ta ga ina naɗe takardar nan sai ta ce in buɗe in ƙara maka wannan, kada in gyara mata ko kalma. Ta ce ɗanta da ya mutu a talabijin ya tashi ya zo ya ci amala a gabanta, ta taɓa shi da hannunta. Ɗanta da ke raye kuwa, shekara bakwai ke nan muryarsa kawai take ji a cikin akwati. Ta ce ka zo tun idonta yana gani.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Wosilatu, Iya Sodiki.