Littafin da Ake Buɗewa ta Dama

Hajiya,

Gaisuwa mai yawa daga gidanki na unguwar Oloumi, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, ba kuma mai karanta miki ita. Amma tun shekaranjiya murna ta cika mini ciki, kuma ni ban saba kai murnata wurin kowa ba sai wurinki. To ina zan kai ta?

Jikarmu ta yi dariya, Hajiya. Takwararki ta yi dariya har da riƙe ciki.

Bari in fara miki daga farko. Tun da muka dawo daga kai ki, yarinyar nan ta rufe baki. Tana zuwa lekol, makarantarsu ta boko, tana dawowa, ta tsakuri abinci, ta shige ɗaki. Talabijin ɗin da kuke kallon anime ɗinku, zanen Japan ɗin nan masu manyan idanu, ta lulluɓe shi da tsohon mayafinki. Kin tuna yadda kuke zaman jiran sababbi duk bayan wata uku? Ita ta ce na lokacin sanyi sun fito, ke kuma ki ce wane sanyi, alhali gumi na tsiyaya a wuyanki. Tana karanta miki rubutun Faransancin da ke gudu a ƙasan hoto, kina yi wa mutanen ciki faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta. Na damina suka fito, na rani suka fito, ba wanda ya ɗaga mayafin.

Ɗanmu Sani ya zo daga unguwarsu ta Angondjé ya same ni. Ya ce gidan nan ne ke hana 'yarsa warkewa, in hutu ya ƙare ba ta sake ba zai ɗauke ta ta koma wurinsu. Me zan ce masa? 'Yarsa ce, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ke kika goya ta tun daga yaye, tafiyarta taki ce, yadda take ajiye kofi ma naki ne. In ta tafi, wa ya rage mini?

Ranar Asabar na shiga taksi na tafi wani shagon littattafai a unguwar Glass. Na ce wa yarinyar shagon ina son irin na masu kallon anime, amma mai ban dariya. Ta ba ni wani na zane, labarin direban taksi da ke jigila tsakanin taurari da wata tsohuwar mota mai tashi sama. Da na ji haka na ce wannan ai ɗan'uwana ne a sana'a, ba sai an nuna mini wani ba.

Bayan la'asar na zauna a falo daidai inda za ta gan ni, na sa tabarau. Kin san hannuna. Yadda ya saba da Alƙur'ani tun ina yaro a Maradi, haka ya buɗe littafin ta dama. Nan take na tuna mushe, malaminmu na karatun yamma, yadda yake ƙwanƙwasa mini tebur yana cewa boko ta hagu yake farawa, ga ni da furfura cikin aji. Na tuna ke ma, kina dariya ƙasa-ƙasa kina juya mini littafin idan ina bita. Kunya ta kama ni, na yi maza na juya shi, na fara ta hagu kamar mai ilimi.

Na yi ta bi da yatsa ina karantawa a fili. Labari ya ƙi zama. Fasinjoji sun sauka kafin su hau. Direba ya gyara mota, sannan ta lalace. Wani fasinja mai kai uku yana ba da haƙuri, sai can gaba aka fara rigimar, wai shi kuɗin kujera ɗaya zai biya. Na ce a raina lallai mutanen sama ba su da tsari. Ina cikin haka na ji wani sauti a bayana, kamar an buɗe famfon da ya daɗe ba ruwa. Na waiga, ga ta a bakin ƙofa ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Ashe littattafan Japan ta dama ake buɗe su, Hajiya. Buɗewar farko ita ce daidai, gyaran da na yi shi ne kuskuren. Daga ƙarshe na faro. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta juya mini littafin da hannunta, kamar dai yadda kike yi, sai dai ita dama ta mai da shi. Dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya, ni ma ban tsira ba. Muka karanta shi tare har aka kira magariba. Akwai inda motar ta mutu tsakanin taurari biyu, direban ya ce fasinjoji su fito su tura. Wannan ba ni ba ne a hanyar bakin teku da ruwan sama?

Jiya da kanta ta ɗage mayafin, ta ninke shi, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Sababbi na wannan karon sun fara fitowa. Ni ne mai karanta rubutun ƙasa yanzu, don ta ce in ba haka ba karatuna zai yi tsatsa. Rubutun ya fi ni gudu, sai ta tsayar da hoton ta jira ni. Na zauna a kujerarki. Ki yi haƙuri, daga nan aka fi gani.

Sani ya zo da yamma ya tarar muna gardama a kan wata yarinya mai gashi shuɗi, ko za ta koma garinsu ko ba za ta koma ba. Ya daɗe a tsaye. Da zai tafi bai ɗauko maganar hutu ba, sai ya tambayi ko rufin kicin na yoyo har yanzu. Yana yoyo. Mangwaronki ya yi 'ya'ya, matar Sani kuma tana da ciki, in ji Takwara.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da kuke kallonku ina tsakar gida da rediyo, ina cewa wasan yara ne, ba labarai nake saurare ba. Dariyarki nake saurare. Na ɗauka kin sani. Kin sani kuwa? Kuma duk zamanmu ban taɓa kiran sunanki ba, kunya ta hana, daga Hajiya sai Uwar Sani. Yau da na iya rubutu, bari in sa shi a takarda ko sau ɗaya.

Hauwa. Yarinyarki tana nan, ba ta tafi ba.

Allah ya jiƙan ki, ya sada mu a inda ba a rabuwa. Ki huta lafiya.

Mijinki,
Idi Direba, mai karatu da yatsa