Ku Buɗe Hanya Kafin Hajiya Ta Hau Babur

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar ƙasashen yankinmu, waɗanda ke ciki da waɗanda suka yi fushi suka fita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, ina yi muku sannu da taro, don mu dai a rediyo kullum taro muke jin kuna yi. Allah ya ba da ladan zama.

Sunana Sabi'u, dillalin awaki da tumaki a kasuwar Gaya, gidana a Toranke ta ƙasar Ajingi. Na taɓa boko kaɗan, daidai yadda ba za a karanta mini takarda a juye ba. Ƙara na kawo, ranku ya daɗe, kuma ku nake ƙara, ku ne alƙalan.

Akwai wani Badamagare, Alhaji Mamman, da ya daɗe yana kawo tumaki Gaya yana sauka a zaurena. Kun san Bakano da Badamagare, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ya ce mini bawansa, in ce masa yunwa ce ta koro shi. Muna cikin wannan sha'ani ɗansa Ila ya ga 'yata Hadiza, ita ma ta gan shi, bara aka ɗaura aure aka kai ta Damagaram. Yanzu tana da cikin fari, kuma ya tsufa. A al'adarmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta, a gida ake wankan jego. Uwarta, Hajiya Rabi, ta tara itace har ya kusa kamo katanga, ta sayi sabuwar tukunya, ta tanadi gero da kanwa. Mai cikin kawai ake jira. Ila ya ɗauko ta a mota har bakin iyaka, aka mai da su. Yau a ce an buɗe ta nan, gobe a ce ta can ba a buɗe ba.

Tun daga ranar nake sauraron rigimarku da kunnen dillali, ga kuma inda na ga ta samo tushe.

Na ɗaya, harshe. Turawa biyu suka ja layi tsakanin gonar wa da ta ƙane, kowanne ya tafi ya bar yarensa, ku kuma kuka gaji layin da yaren. Kuna zama kuna faɗa da Ingilishi da Faransanci ta bakin tafinta, kowa na zargin ɗan'uwansa da zama yaron wani Bature. Ni da Mamman da Hausa muke zagin juna, ba mu taɓa neman tafinta ba.

Na biyu, ba ku iya sasanci ba, ku yi haƙuri. Idan ciniki ya yi zafi a kasuwa, ba na barin mai akuya da mai saye su yi ta kallon juna. Sai in ja wannan bayan rumfa in lallashe shi, in ja wancan in ce ai ɗan'uwanka ya sauko, alhali bai sauko ba tukuna. Kafin su ankara sun tafa. Ku kuwa a rediyo kuke ba juna wa'adi, duniya na ji. Na sha ganin wanda aka ci wa fuska gaban jama'a, ko yana son sayarwa ba ya sayarwa. Ku ma da kuka fita ban wanke ku ba. Duk wanda na ga ya ja akuyarsa ya bar kasuwa cikin fushi, shi ke ci gaba da saya mata dusa.

Na uku, ma'auninku biyu ne. Mai babbar riga ya taɓa tsarin mulki ya ƙara wa kansa zama, ku aika masa da barka. Mai kaki ya ƙwace, ku tashi da hayaniya. Ban ce na mai kaki daidai ba ne, Allah ya sani. Amma in na duba haƙoran tunkiyar wani na kau da kai daga ta wani, ranar kasuwa mai zuwa ni kaɗai zan zauna a turkena.

Na ƙarshe, ba ku da wasa. Kakannina da na Mamman yaƙi suka yi na gaske, da dawakai da masu. Da suka gaji suka mai da shi barkwanci, har ga shi muna shirin haɗa jika. Ku in ban da murmushin hoto, ban taɓa jin ɗayanku ya tsokani ɗaya an yi dariya ba.

To ga inda abin ya daina ba ni dariya. Mamman ya bugo waya yana tambaya ko itacen Hajiya na sayarwa ne, wai tunda dai jika a gidansa, shi ubangidana, za a haife shi. Na rama, amma Hajiya ba ta ji da daɗi ba. Ta ce mini, "Malam, ko ta zo ko in je." Na zaci magana ce, sai na ji har ta yi shawara da wani ɗan acaɓa da ya san hanyar daji, inda ba shinge ba jami'i, sai rairayi da abin da Allah ya haɗa mutum da shi. Matar da ke fama da ciwon gwiwa, wadda in na goya ta a babur daga Toranke zuwa Gafasa sai ta ƙanƙame mini riga tana salati! Na kuma san ta, ba ta faɗa ta fasa.

Roƙona ba yawa. Ku ci gaba da shari'arku a sama, amma ku bar talaka ya wuce: mai ciki, majiyyaci, mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ku nemi dattawa daga ɓangarorin biyu, masu jin yaren juna, su ja kowannenku bayan rumfa. In kun rasa, ni da Mamman muna nan, kuma wannan karon ba ma son la'ada.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ku mashawarta masu faɗin gaskiya, ya sa ku gama lafiya. In Hadiza ta sauka a ɗakin uwarta, kuna cikin 'yan suna, goronku daban. In kuwa Hajiya ta hau babur ɗin nan, ni zan bi ta a baya, kuma duk abin da ya same mu a dajin, ku za a tambaya.

Wassalam.

Naku,
Sabi'u Dillali,
Toranke.