Gurbin Uwar Shayarwa

Da sunan Allah. Ni Delu Inuwa ta Gyaɗi-Gyaɗi nake rubuta wannan da hannuna. Jiki ya ƙi, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce tsufa ne ke magana. 'Ya'yana Mukhtar da Naja'atu, ku karanta tare, ko da ba kwa ga maciji.

1. Kwamfutata ta Naja'atu ce, amma abin da ke ciki na kowa ne. Shekara talatin na yi ina shigar da bayanan marasa lafiya a asibiti. Da na yi ritaya hannu ya ƙi zama, sai na tattara sunayen danginmu a kwamfutar, mutum ɗari huɗu da sha biyu, kowa da asalinsa.

2. Rigimarku a kan fom ɗin da za a riƙa shigar da sunaye ta ishe ni. Mukhtar, na waya da ka kawo ya fi kyau, ban musa ba. Nawa tsoho ne, mummuna, sai an sa tabarau. Amma naka gurbi ɗaya ya ba uwa. Nawa biyu ne: wadda ta haifa da wadda ta shayar. Da ka kwashe sunayen zuwa wayarka, gurbi na biyu ya zube kaf, ba ka ma lura ba. Garin neman gira ka rasa ido. Ku zaɓi wanda kuka ga dama, sharaɗina ɗaya: kada ya yarda a adana sunan jariri sai an amsa wa ya ba shi nono.

3. Ga abin da ya hana ni sukuni. Mukhtar, ɗanka Mubarak yana neman Nafisa, 'yar marigayiya Kulu ta Tarauni, har ana zancen sa rana. An ce ya duba wayarka, bai ga abin da ya haɗa su ba. To akwai. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu kana aiki a Fatakwal, Kulu ce ta shayar da shi wata biyu cur, tana goyon yayan Nafisa. Ni nake kai shi a Adaidaita. Nafisa ƙanwarsa ce, aure ya haramta. Sau uku na kira ka a makon nan, ka zaci zancen fom ne, ba ka ɗauka ba.

Laifin har da nawa. Na gaya wa kwamfuta, ban gaya wa mutane ba.

Mukhtar, kai za ka je gidansu Nafisa da ƙafarka, Naja'atu ta raka ka. Kada a aika saƙo ta waya.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ku riƙe zumunci na jini da na nono. Mubarak, ka yafe wa kakarka. Na raba ka da mata, amma yarinyar nan taka ce har abada, ka riƙe ta riƙon ƙanwa.