Mai Kwashe Koriyar Leda

Hsinchu, bayan bikin Tsakiyar Kaka.

Zuwa ga Yayata Hsiu-chin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina hawa gona, gwandar nan ba guduwa za ta yi ba.

Yaya, jakar nan tawa ce ta hana ni zuwa biki. Kin tuna ƙatuwar jakar roba da ke rataye a rufin ɗakin injina, wadda kika ce kamar kumburarren kifi? Duk iskar hiliyom da ta tashi daga maganadisun ɗakunan bincike, bututu ke kawo ta cikinta, mu matse ta, mu mayar da ita ruwa, mu sake ɗura musu don kada su yi ɗumi su lalace. To yanzu abin da ke dawowa bai kai abin da nake zubawa ba. Na bi bututun gaɓa-gaɓa da ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya ban gani ba. Farfesa Tai, shugaban sashenmu, ya ce in ba a gano inda take zurarewa ba kafin Sabuwar Shekara, za a kwance injinan duka. Injinan da marigayi Malam Pan ya haɗa da hannunsa, ya koya mini aiki a kansu, ya bar mini amana! Raina a ɓace yake. Ga ƙurar tsohon ɗakin cin abinci da aka rushe a bayanmu ta ishe ni.

Sai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Kin san koriyar ledar cimar yara da kowa ke ɗora wa inji don ya yi ladabi. Malam Pan a kan katakon da ke riƙe da jakar yake ajiye tasa, ni ma da sanda nake tura tawa can. Tun da matsalar ta fara na ƙara yawansu, amma duk safiya sai in tarar an kwashe. Mu biyu ke da makulli, ni da Dakta Yen, wanda aka haɗa mu aiki bara. Mutum ne shiru-shiru, komai na ce sai "To, Babbar Yaya," kansa a ƙasa. Ni irin wannan ladabin ba ya kwanta mini.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hsiu-luan

Hsinchu, farkon sanyi.

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan murar yara ta sake su. Na ga saƙonki, kin ce in bi a hankali, wai tun muna yara nake zargin mutane. Saurara ki ji.

Ranar nan na dawo daga cin abincin rana da wuri, sai ga Dakta Yen a saman tsani, rabin jikinsa a bayan jakar. Da ya sauko na ga almakashi ya leƙo daga aljihunsa, hannunsa na wani irin wari. Na ce, "Dakta, wanzanci ka koma ne?" Ya ce, "Ƙura nake sharewa, Babbar Yaya." Ƙura da almakashi! Bai tsaya nan ba, wai ko zan yarda mu riƙa ajiye ledojin a ofis. Na ce masa ofis ne ke yoyo? Ya yi shiru. Mutumin da ya yi karatu a waje, me zai so in ba a kwashe tsofaffin injinanmu a kawo sababbi ya zama shi ne mai ɗaki ba?

Na kai ƙararsa. Farfesa Tai ya tambaye ni ko na ga yana yanka da idona, na ce almakashi dai na gani. Aka ce ya ba da makullinsa ya koma ofis har a bincika. Da hannu biyu ya miƙo mini, fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Babbar Yaya, don girman Malam Pan ki hau sama ki duba da kanki." Ya san sarai tsoron tsani nake yi, shi ya sa na ɗauki maganar a matsayin baƙar magana. Yanzu ledojina na kwana inda na sa su.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Hsiu-luan

Hsinchu, dab da Sabuwar Shekara.

Yaya Hsiu-chin,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Mama da taku duka, kada ki yi mini dariya har sai kin kai ƙarshe.

Da Yen ya bar ɗakin, yoyon ya ninka. Jakar ta yi yaushi kamar tsohuwar lemo, ledojin kuma suka fara faɗowa a yage. Dole na hau, ƙafafuna na rawa. Yaya, saman jakar duk faci ne, an yanka su daidai an liƙa da sholisho, warin nan da na ji a hannunsa. A gefensu ga sababbin huji, ga kashin ɓera, ga guntayen koriyar leda ko'ina. Ɓerayen ɗakin abincin da aka rushe ne suka dawo mana, ni kuma kullum ina jera musu liyafa. In sun gama da ledar sai su gwada haƙori a roba.

Na same shi a ofis, na ce me ya hana shi buɗe baki tun farko. Ya ce, "Abinci a ɗakin injina laifi ne a rubuce, ko da kowa na kau da kai. In na faɗa, ke za a ɗora wa. Kuma wurin Malam Pan ne, ina ni ina ce miki ki sauke?" Kunya ta rufe ni, har da haushi, don da ya zage ni tun farko da ya fi mini sauƙi.

Na je na faɗa wa Farfesa komai. An kawo masu kashe ɓera, an sake facin, jakar ta cika tam. Ba za a kwance injinan ba. Amma makullin ɗakin Yen aka ba, ni an mayar da ni kula da ɗura wa maganadisu kawai. Amanar Malam Pan ta tsira, sai dai ba a hannuna ba, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Jiya Yen ya kira ni ɗakin. Ya sayo kwalbar gilashi mai murfi, da koriyar leda ɗaya a ciki, ya ce shi bai san daidai inda Malam Pan ke ajiyewa ba. Ya riƙe mini tsani na hau na ɗora. Kafin in sauko sai da na sake murɗa murfin da kaina, kin san halina.

Ina zuwa gida hutun nan. Ki ce wa Mama ta ajiye mini gwanda.

Ƙanwarki mai kewarku,
Hsiu-luan